Yadda Za Ka Kafa Shingen Katako a Bayan Gida da Hannunka

A Kano in aka ce katanga, bulo ake nufi, kuma ba wanda zai ba ka shawarar ka kewaye gidanka ta waje da katako. Sirrin iyali da tsaro aikin bulo ne. Amma a cikin gida akwai wuraren da bulo ya yi musu nauyi: lungun da ake ɗaure tumaki da awaki, ɗan lambun da uwargida ta shuka zogale da alayyahu kaji suna tonewa, bakin rijiyar da ake jiye wa yara, wajen janareta. Irin waɗannan wurare suna son abin da zai tsare ba tare da ya toshe iska ba, wanda kuma in buƙata ta canja za a iya cire shi a yini guda. Ɗan haya ma, wanda mai gida ba zai bari ya ɗora bulo ba, sau da yawa ana barinsa ya kafa katako.

Ba sai ka zama kafinta ba. In kana iya riƙe zarto, kana buga ƙusa ba ta lanƙwashe ba, kuma kana da mutum ɗaya da zai riƙe maka, za ka iya. Abubuwa uku ke kayar da shingen katako a garin nan: gara, ɗanyen katako, da iskar farkon damina. Gara ce babbarsu, shi ya sa za ka ga na fi daɗewa a kan gindin dirka fiye da komai.

Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya

Fara da sanin abin da ke ƙarƙashin ƙasar. Bututun ruwan famfo ko na bohol, wayar da aka binne zuwa famfon bohol, bututun da ya tafi shadda ko sokawe, duk suna bin bayan gida ne, daidai inda kake shirin haƙa. In ba kai ka gina gidan ba, tambayi wanda ya sani. Ka kuma tuna inda ruwan sama ke bi in an yi mamako a watan Agusta, don kada shingenka ya tare masa hanya ya mayar maka da shi tsakar gida.

In shingen zai jingina da katangar maƙwabci, je ka same shi tukuna. Akwai hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim da ya hana maƙwabci ya hana maƙwabcinsa kafa itace a jikin katangarsa, amma wannan bai ɗauke maka sallama da neman izini ba, musamman da yake dabbobi za ka ajiye a jikin bangon mutum. In kuwa fili ne da ba a gina ba kake son kewayewa, ka tabbatar da iyaka a gaban maƙwabtan filin da mai unguwa. Duk abin da zai fito bakin titi ko ya ci hanya kuma ya shiga hurumin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, sai ka tambaya kafin ka kafa. Shingen cikin gida shi ne maganarmu a nan.

Tsayi da lissafin kaya

Katakon kasuwa yawanci ƙafa 12 yake zuwa, kuma wannan shi zai yanke maka tsayin shinge in ba ka son asara. Ƙafa 12 tana rabuwa uku cif a ƙafa huɗu-huɗu, ko biyu a ƙafa shida-shida. In ka ce ƙafa biyar kake so, kowane falanki zai bar maka guntun ƙafa biyu da ka biya kuɗinsa ba ka mora ba. Don haka ka zaɓi ƙafa 4 ko ƙafa 6. Ƙafa huɗu ta ishi tumaki, lambu da yara ƙanana. Akuya kuwa in ta samu abin takawa a kusa, ƙafa huɗu ba komai ba ce a wajenta, sai dai ka je shida ko ka kawar da duk wani turmi da bulo daga jikin shingen.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Kusurwar bayan gida ce, katanga ta riga ta tsare ɓangare biyu, kai za ka rufe sauran biyun: ɗaya ƙafa 24, ɗaya ƙafa 12, jimla ƙafa 36, tsayi ƙafa 4, da ƙofa ɗaya.

Dirkoki ana jera su tsakanin ƙafa shida-shida, don katakon kwance mai ƙafa 12 ya kama dirka uku. Ɓangaren ƙafa 24 zai ci dirka biyar, na ƙafa 12 ya ƙara biyu, ƙofa ta ƙara ɗaya, takwas ke nan. Kowace dirka ƙafa 6 ce, huɗu a sama biyu a ƙasa, saboda haka katako fo-bai-fo (mai kaurin inci huɗu da faɗin inci huɗu) guda huɗu, a raba kowanne biyu, sun ba ka takwas ɗin. In fo-bai-fo ya yi tsada, tiri-bai-fo ma yana yi, amma kada ka sauka ƙasa da haka.

Katakon kwance, wanda ke yin aikin da tanka ke yi a jikin darni, layi biyu ne a shinge mai ƙafa 4, layi uku a mai ƙafa 6. Tu-bai-tiri ya isa. Ƙafa 36 sau biyu ƙafa 72 ce, wato guda shida, ka ƙara biyu saboda ƙofa da tokare.

Na fuska kuma, wato waɗanda za a buga a tsaye a jikin na kwance, daga falanki wan-bai-tuwel (kauri inci ɗaya, faɗi inci 12) za a fitar. A tsaga kowane falanki gida uku a tsaye, kowane tsagi ya kusa inci huɗu, sannan a yanka ƙafa huɗu-huɗu, falanki ɗaya ya ba ka guda tara. In ka bar tazarar inci biyu tsakaninsu, kowace ƙafa ɗaya ta shinge tana cin guda biyu, ƙafa 36 ta ci 72, falanki takwas ke nan. Sayi goma, don sai ka samu mai tsagewa da mai ƙulli.

Sai siminti buhu uku, yashi kwanon sarki 12, tsakuwa kwano 24 da ɗan ƙari na zuba wa gindin rami. Ƙusa inci huɗu kilo ɗaya, inci biyu da rabi kilo biyu, hinji, sakata, maganin gara, kwalta ko fentinta, fentin mai da buroshi. Kayan aiki: tef ɗin awo, igiyar magina, filam mai ƙwayar ruwa, zarto, guduma, dagi ko diga, shebur da cokalin gini. Yawancinsu za ka samu aro wajen magini a unguwa. Ban sa farashi ba da gangan, don kafin ka gama karantawa ya canja.

A wajen 'yan katako

'Yan Katako na Na'ibawa a kan titin Zariya da na Rijiyar Lemo su ne inda mafi yawan mutane ke nufa, kayan ƙarfe da su hinji da ƙusa kuwa Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari. Tafi da tef ɗinka a aljihu. Abin da ake kira ƙafa 12 kan gaza da inci biyu ko uku, abin da ake kira tu-bai-tiri kuma sau da yawa bai cika ba. Wannan ba abin faɗa ba ne, haka kasuwar take, amma dole ka san ainihin tsawon abin da ka saya kafin ka haƙa rami. Wanda ya haƙa ramuka ƙafa shida-shida cif, ya zo ya tarar katakonsa ƙafa 11 da inci 9 ne, sai ya ga bakin katakon bai kai dirka ta uku ba.

Za a tambaye ka fari ko ja. Farin katako irin su obece mai sauƙin kuɗi ne, mara nauyi, ƙusa na shiga ba wahala, amma gara da ƙwaron da ke huda itace suna sonsa, kuma bai jure jiƙa da bushewa. Jan katako irin maɗaci da iroko ya fi nauyi, ya fi tsada, ya fi daɗewa. Araha ba ta ado. In kuɗin ba za su kai ka yi duka da ja ba, to dirkoki dai su zama ja, na kwance ma in da hali, farin ya tsaya a falankan fuska waɗanda ko sun lalace ɗaya-ɗaya za ka cire ka maye. A jikin jan ma ka duba gefe: in ka ga ɓari mai haske a jiki, wannan ɓangaren kusa da ɓawo ne, gara na cinsa kamar yadda take cin fari. Zaɓi wanda jansa ya game.

Wanda ya samu azarar giginya ya samu dirka, don ita ce ke riƙe da rufin tsofaffin soraye a cikin gari shekara da shekaru gara ba ta yi mata komai ba. Matsalarta ƙusa ba ta shigarta da daɗi, sai an huda an ɗaure da noti ko waya. Sandunan turare da ake sayarwa na rumfa kuwa suna da araha, amma in za su shiga ƙasa sai da magani sosai.

Kowane katako ka ɗaga bakinsa ɗaya, ka sa ido ka hango tsawonsa. Wanda ya yi baka ko ya murɗe ka ajiye. Wanda ka ga ƙananan huji da gari na zuba ka ajiye, da ƙwaro a ciki. Ka kuma ji nauyinsa da sanyinsa a hannu. Katakon nan daga dazukan kudu ake kawo yawancinsa, wani yana isowa da ruwansa. Kafin ka bar kasuwar, kai falankan wajen masu inji a tsaga maka, a goge, a raba dirkokin. Tsaga falanki goma a tsaye da zarton hannu aikin wahala ne da ba shi da lada. Sai ka nemi akori-kura ta kai maka gida.

Bar shi ya sha iska

Nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. Ɗanyen katako in ka buga shi yau, iskar hunturu ta bi ta kansa, zai tsuke, ya tsage a bakin ƙusa, ya karkace. Kuma magani ba ya shiga itacen da ke cike da ruwa.

Jera bulo a inuwa, ka shimfiɗa katakon a kai, kada ya taɓa ƙasa. Tsakanin kowane layi da na samansa ka sa 'yan sanduna don iska ta ratsa, ka danne saman da bulo saboda kada ya lanƙwashe. Kada ka shanya shi a tsakiyar rana, zafin Kano zai busar da bayan ya bar cikin, sai ya tsage. A lokacin hunturu mako biyu zuwa uku sun ishi falankai, dirkoki masu kauri sun fi son ƙari. Shi ya sa lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne daga Disamba zuwa Maris: katako ya bushe, fenti ya kama, kankare ya yi ƙarfi tun kafin hadarin farko. Mai son garken ragon layya kada ya bari sai saura mako ɗaya Sallah.

Gara

Gara daga ƙasa take zuwa, tana son laima da duhu, kuma tana cin itace ta ciki ta bar maka fatar fenti a waje. Dokar ita ce katako ya rabu da ƙasa gwargwadon iko, inda kuma dole ya shiga, ya shiga da kariya.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce dirkar katako kada ta shiga ƙasa sam. Je wajen mai walda ya yanka maka ƙarfen angil mai inci biyu, ƙafa uku-uku, ya huda kowanne wuri biyu a rabin sama, ya like ɗan guntun rodi a gicciye a ƙasa don ya kama kankare. Rabin ƙarfen ya shiga kankare, rabi ya fito, sai ka ɗaure dirkar a jikinsa da noti biyu, gindinta ya tsaya inci ɗaya ko biyu sama da kankaren. Ta haka in gara za ta hau sai ta gina hanyarta ta ƙasa a fili, inda idonka zai gani. Dirkokin ma sun zama ƙafa huɗu-huɗu, katako uku sun ishe ka maimakon huɗu, kuɗin ƙarfen ya ɗan ragu ta nan. A shinge mai ƙafa 6 da kuma dirkar ƙofa, sa ƙarfe biyu, ɗaya kowane gefe.

In binnewa za ka yi, to bi wannan. Bayan an gama duk yanka, shafe kowane katako da maganin gara na itace, irin su Solignum ko wani mai lambar NAFDAC, ka bi awon da aka rubuta a jikin gwangwanin. Shafa biyu, na farko ya bushe kafin na biyu. Bakin yanka shi ya fi shan ruwa, shi kuma ya fi shan magani, don haka gindin dirkoki ka tsoma su a bokiti su kwana a ciki. In sun bushe, shafe ƙafa biyu da rabi na ƙasa da kwalta, wato duk abin da zai shiga rami da ƙarin inci shida a sama, domin daidai bakin ƙasa ne dirka ke fara ruɓewa. Duk inda ka sake yankawa daga baya, ka sake shafawa.

Kowa zai ce maka ka sa baƙin mai. Gaskiya yana korar ruwa kuma kusan kyauta ne wajen bakanike, amma dattin inji ne, yana ɗauke da guba. Akuya na gwaguyar katako, yara na shafa hannu su kai baki, kuma fenti ba ya kama inda ya taɓa. Kusa da rijiya ko lambun ganye kada ka kai shi ko kaɗan. Maganin garar ma guba ne: sa safar hannu da takunkumi, yi aikin a fili, kori yara da kaji, kada dabba ta shiga sai ya bushe warin ya tafi. Guntayen da suka sha magani kuma kada su shiga murhu.

Awo da haƙa

Kafa turke a kowane ƙarshe da kusurwa, ka ja igiya ta miƙe sosai. Don kusurwar ta tsaya daidai, auna ƙafa 3 a igiya ɗaya daga kusurwa ka sa alama, auna ƙafa 4 a ɗayar ka sa alama, sannan ka auna tsakanin alamomin biyu. In ya ba ka ƙafa 5 cif, kusurwa ta yi. In bai ba ka ba, matsar da turke har ya bayar.

Yanzu sa alamar ramuka bisa ainihin tsawon katakonka. In mafi gajarta a cikinsu ƙafa 11 da inci 8 ne, tazarar ta zama ƙafa 5 da inci 10 daga tsakiyar dirka zuwa tsakiyar ta gaba. Wurin ƙofa ka bar ƙafa 3 da inci ɗaya tsakanin dirkokin biyu, don baro ya wuce ranar kwashe taki.

Kowane rami faɗin ƙafa ɗaya, zurfin ƙafa biyu da inci uku. Na ƙofa da na kusurwa ka ƙara musu zurfi kaɗan. Ƙasar rani tauri gare ta, in dagi ya ƙi shiga, fara ramin kaɗan ka cika shi da ruwa da yamma, da safe za ka same ta ta yi laushi. Inda ƙasar jigawa ce mai rairayi, ko unguwar da aka cike tsohon kududdufi aka yi gini, ƙara zurfi har ka taɓa ƙasa mai ƙarfi. In tsakar gidan daɓen siminti ce, fasa ƙafa ɗaya a murabba'i a kowane wuri. Kada bakin rami ya fi gindinsa faɗi, don kankaren da ya yi siffar mazurari ya fi saurin girgiɗa.

Kafa dirkoki

Zuba tsakuwa inci uku a gindin kowane rami ka daddaka. Dirka a kanta za ta zauna, ruwan da ya biyo jikin itacen ya samu mafita. In ka fara zuba kankare a ƙasa sannan ka dasa dirka a ciki, ka yi mata kofin da zai riƙe ruwa duk damina.

Fara da dirkokin ƙarshe da ta kusurwa. Tsayar da kowace, ɗora filam a fuska biyu da ke maƙwabtaka, don dirka na iya miƙewa ta gaba ta karkace ta gefe. In ta tsaya, tokare ta da katako biyu da aka buga a turaku. Don kawunansu su yi daidai ko da ƙasar ba ta daidaita ba, yi dabarar magina: tiyo siriri mai nuna ciki, a cika shi da ruwa, ku riƙe baki ɗaya a jikin wannan dirka ɗaya a jikin waccan, inda ruwan ya tsaya a kowane baki tsayi ɗaya ne. Sa alama, ka auna daga nan.

Kwaɓin kankare: siminti kwano ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Buhu ɗaya kwanon sarki biyu ne. Juya su a bushe har launi ya zama ɗaya, sannan ruwa kaɗan-kaɗan, kada ya yi ruwa-ruwa. Zuba a rami kana soka sanda don iska ta fita, ka sake duba filam, domin zubawar kan ture dirka. Bari kankaren ya ɗan haura bakin ƙasa da inci biyu, ka gyara shi da cokali ya gangaro daga jikin dirka zuwa waje.

Washegari ja igiya biyu tsakanin waɗanda suka kafu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ka jera na tsakiya suna shafar igiyar ba tare da sun tura ta ba. Daga nan sai haƙuri. Yayyafa wa kankaren ruwa safe da yamma, ka rufe shi da buhun da aka jiƙa in ana zafi. Kada guduma ta taɓa dirka sai bayan kwana uku aƙalla, mako ɗaya ya fi. Bugun ƙusa a jikin dirkar da kankarenta bai kama ba yana buɗe 'yar tazara a gindi, kuma ta nan ruwa da gara za su shiga.

Na kwance da na fuska

Na kwance na ƙasa ya zauna inci takwas daga ƙasa, na sama inci takwas daga kan shinge. Kowane haɗi ya faɗa a tsakiyar dirka, kuma kada haɗin sama da na ƙasa su taru a dirka ɗaya. A ɓangaren ƙafa 24, sama ka sa dogo biyu, ƙasa ka fara da rabi, sai dogo, sai rabi. Ƙusa inci huɗu biyu a kowace mahaɗa, a ɗan karkace da juna. Jan katako busasshe yana lanƙwasa ƙusa, yana kuma tsagewa a baki. Huda shi tukuna in kana da injin huda, in babu, juya ƙusar ka daki tsininta da guduma ya dakushe, ka goga mata sabulu.

Wane gefe falankai za su kasance? In dabbobi za a tsare, buga su ta cikin garken. Rago in ya yi karo ko ya goga jiki, zai danna falankin ne a jikin na kwance. In ta waje ka buga, kowane karo zare ƙusa yake yi.

Ja igiya a saman inda kawunan falankai za su tsaya. Buga na farko da filam, sannan ka yanki ɗan katako mai faɗin inci biyu ya zama ma'aunin tazara, kana sa shi tsakani kana bugawa. Ƙusa biyu sama, biyu ƙasa. Bayan kowane guda biyar ko shida ka mayar da filam, don ƙaramar karkata tana taruwa. Kada tazarar ta wuce inci biyu inda akwai awaki, saboda mai ƙaho na tura kai ya kasa fitarwa. Kada kuma ka haɗe falankan ba tazara, musamman a shinge mai ƙafa 6. Iskar da ke zuwa gaban ruwan farko a watan Mayu da Yuni, wadda ke yaye kwanon rufi, in ba ta samu wurin wucewa ba da shingen za ta tafi.

Gindin falankai ya tsaya inci biyu sama da ƙasa. In kana da 'yan tsaki da za su bi ta nan, jera bulo layi ɗaya a ƙarƙashi ko ka zagaya da ragar kaji, amma ka bar wa ruwa kafa. Kada ka tura ƙasa ta rufe gindin katako don toshe tazarar.

Ƙofa

Yi firam da tu-bai-tiri, faɗin ƙafa 3, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu, in awon ya zo ɗaya ta daidaita. Sa katako ɗaya a gicciye, kuma yadda zai kwanta yana da muhimmanci: gindinsa a kusurwar ƙasa ta wajen hinji, kansa a kusurwar sama ta wajen sakata. In ka juya shi, ƙofar za ta sunkuya ta fara jan ƙasa. Ɗora ta a kan guntun katako inci biyu yayin da kake ɗaura hinji, ka yi amfani da sukuru ko noti maimakon ƙusa. Ta buɗe zuwa cikin garke, ka buga ɗan katako a jikin dirka da zai tare ta, yadda in dabba ta tura daga ciki ƙara rufewa za ta yi. Sakata ta waje, inda bakin akuya ba ya kaiwa.

Fenti da abin da ya biyo baya

Yanke kan kowace dirka a karkace, ko ka kifa mata guntun kwano, don ruwa kada ya kwanta a kai. Goge kaifin falankai da samfefa. Ka bari maganin ya bushe sosai, sannan fentin mai shafa biyu, na farko a ɗan tsinke. Fentin ruwa na bango ba na nan ba ne. Ka fi ba da ƙarfi a kawuna da gindin falankai da bayan na kwance, wuraren da ido ba ya gani. Launi mai haske ya fi jure rana, kuma jan layin gara ya fi fitowa a jikinsa. Kafin ka saki yara da dabbobi, bi wurin ka tsince ƙusoshin da suka zube.

Da damina ta kama, riƙa zagaya shingen duk mako kana duba gindin dirkoki da inda katako ya haɗu da katanga. In ka ga hanyar gara, kankare ta, ka bi ta har inda ta fito, ka zuba magani a wurin, ka sake shafa wa katakon. Kada taki, harawa ko itacen girki su taru a jikin shinge. Bayan hunturun farko za ka ga wasu ƙusoshi sun ɗago saboda katakon ya ƙara tsukewa, sai ka bi su da guduma, notocin ma ka ƙara ɗaure su. Fenti kuma duk shekara biyu, ko da zarar ya fara ɓarewa. In wata dirka ta fara girgiɗa, soka mata tsinin sukundireba a daidai bakin kankare. In ya shige da sauƙi ta ruɓe, sai ka kafa ƙarfen angil a sabon kankare a gefenta, ka yanke ruɓaɓɓen gindin, ka ɗaure lafiyayyen saman a jikin ƙarfen ba tare da ka kwance sauran shingen ba.